Mai shayin Kasala mace ce, kuma gwaggona ce

Ɗan'uwa, na ga tambayarka da hoton da ka haɗo da ita: mace zaune gindin bishiya da butoci a gabanta, maza sun kewaye ta a kan 'yan kujeru. Ka ce wai da gaske ne a Sudan mace ke sayar wa maza shayi a bakin titi, har da matan Hausawa a ciki? Ka ce wurin ya yi maka kama da mashaya, sannan ka rufe da maganar da kunnenmu ya saba da ita, wato anya har yanzu mu Hausawa ne.

Bari in kawar da batun mashaya tukuna. Tun Satumbar 1983 shugaban ƙasa na lokacin, Numairi, ya haramta giya a ƙasar nan, aka tuttular da ita a kogin Nilu. A 2020 gwamnatin riƙon ƙwarya ta sassauta wa waɗanda ba Musulmi ba. Masu dafa giyar araki a ɓoye suna nan, ba na musu, amma hanyarsu daban ce. Abin da ke gaban mai shayi bai wuce shayi da gahawa da madara da zoɓo da hulba ba, sai zalabiya da sassafe.

A wurinku mai shayi namiji ne, da tulin burodi da kiret ɗin ƙwai. A nan sana'ar ta mata ce, sittu shai ake ce musu. Yawancinsu ma ba Hausawa ba ne. Matan duwatsun Nuba ne da na Darfur da na Habasha da Eritiriya, waɗanda farin 1984 da yaƙe-yaƙe suka koro birane. Matanmu an fi saninsu da gyaɗa da godogodo, mazanmu da agashe, wato irin tsiren nan. Amma akwai namu a cikin masu shayin, kuma ɗaya daga ciki ƙanwar mahaifina ce. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara ƙanana, 'yan'uwa kowa na fama da kansa, sai ta sayi murhun gawayi da butoci ta zauna kusa da tashar mota a Kasala, birnin da ke gabashin Sudan. A gefenta na yi ƙuruciyata ina wanke kofuna, don haka abin da zan faɗa maka ba labarin ƙanzon kurege ba ne.

Kai da kake gani daga nesa za ka ɗauka tafasa ruwa ne kawai. Gahawar Kasala ita kaɗai makaranta ce. Ɗanyen ƙwaya ake soyawa a kan garwashi, a daka a turmi da citta, a zuba a jabana, 'yar tukunyar ƙasa mai dogon wuya da ake toshe wa baki da zaren dabino don ta tace. Wuta ta yi yawa ta ƙone, ta yi kaɗan ta fito salam. Kuma masu shanta a nan Hadandawa ne, wani reshe na ƙabilar Beja, mutanen da gara su kwana da yunwa da su wuni ba gahawa. Idan mutuminsu ya kurɓi finjali na farko ya ajiye bai ce komai ba, to ka rasa shi har abada, da shi da danginsa. Gwaggo ta riƙe su shekara da shekaru.

Sai kuma ƙwaƙwalwa. Gwaggo ba ta yi boko ba, allo kawai ta yi, amma ban taɓa ganin ta tambayi mutum sau biyu yadda yake son shayinsa ba. Wannan na'ana'a, wancan kirfa da kanumfari, wancan direban cokali huɗu na sukari, tsohon can likita ya hana shi amma zai roƙa, sai ta rage masa ba tare da ta faɗa ba. Bashi ma a ka yake. Ta san ma'aikacin da zai biya ƙarshen wata, ta san ɗan kamashon da sai an tare shi da safe kafin kuɗin ya narke. Tana cinikin da Larabci, ta yi gaisuwa da yaren Beja, ta taɓa na Bani Amir, ta juyo ta yi mini faɗa da Hausa duk a numfashi ɗaya.

Inda sana'ar ta fi wuya shi ne baki da kunne. Wurin mai shayi a Sudan majalisa ce. Nan ake cinikin fili, nan ake zagin gwamnati, nan mai neman aure ke fara bin diddigi, nan wanda ya yi faɗa da matarsa ke zuwa ya huce. Duk a kunnenta ake yi. Mai shayin da ke kwasar magana daga wannan kujera zuwa waccan ba ta shekara a wuri. Wani lokaci mutum zai zauna ya zazzage mata cikinsa, ita kuwa tana fifita wuta tana cewa Allah ya kyauta, gobe ya dawo ta gaishe shi ba alamar ta taɓa jin komai. Har jami'an tsaro sukan zauna su sha, su jefa tambaya a fakaice a kan wane da wane. Amsarta ɗaya ce, ita sukari take aunawa. Idan gardama ta yi zafi tsakanin mutum biyu, musamman ranar da ƙungiyoyin ƙwallon Hilal da Marrikh suka buga, ba ta ɗaga murya. Takan zuba turaren wuta a garwashi, ta miƙa wa wanda ya fi zafi kofi ta ce ya sha kafin ya huce, a yi dariya a wuce wurin.

To, ga abin da na san shi ne ainihin damuwarka: mace a tsakiyar maza. Ba zan yi maka ƙarya ba, akwai masu zuwa da wata niyya, kuma yarinya mai ƙuruciya ta fi shan wahalar wannan. Maganinsa yana cikin zaman kanta. Gwaggo tana naɗe da lafayarta, akwatin kayan shayi na tsakaninta da kowa, yaro ne ke kai kofi ya karɓo kuɗi. Kowane namiji ɗanta ne ko ƙanenta a bakinta, ko da ya girme ta. Tana da fara'a, amma akwai inda fara'ar ke tsayawa, kuma kowa ya san wurin. Wanda ya ƙetare, sai kawai ya ga shayinsa ya ƙi zuwa, sauran mazan su juyo su dube shi. Wannan kamun kai da kunya da kawaici, a ina kake jin ta koye su? A ɗakin kakata, wadda aka goyo daga ƙasar Haɗeja. Ku da kuke kulle mata kuna tura 'yan mata talla tasha, ban ga ta inda za ku yi mana gori ba.

Ga kuma hukuma. Shekaru da yawa masu shayi na fama da kasha, wato samamen da ake yi a kwashe butoci da kujeru a mota, sai an biya tara. An kwashe na Gwaggo ba sau ɗaya ba. Wata mata 'yar duwatsun Nuba, Awadiya Koko, ita ta haɗa kan masu shayi da abinci a Khartoum suka kafa ƙungiya tun 1990, har Amurka ta ba ta lambar yabo ta jaruman mata a 2016. Dokar da aka fi muzguna wa mata da ita a titi sai a ƙarshen 2019 aka soke ta.

Batun ko mu Hausawa ne, wallahi mun gaji da shi ta fuska biyu. Kakannin wasunmu sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan an kashe mahaifinsa Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, garin da suka kafa kusa da Sinnar har yau sunansa yake amsawa. Nawa kakan hajji ya fito a ƙafa, guzuri ya ƙare, ya tsaya tsinkar auduga a Jazira, zama ya kama. Fiye da shekara ɗari ke nan, amma a nan har gobe Fallata ake ce mana, sunan da ake kiran masu asalin Afirka ta Yamma, kuma a Yulin 2022 an kashe mutanenmu a jihar Blue Nile saboda sun nemi a ba su sarautarsu. Mu leƙa Kano kuma a ce ga 'yan Sudan. Hausarmu ta sha Larabci, gaskiya ne. Na kalli finafinanku, rabin zancen Turanci ne, ban ji an tuhumi kowa ba.

Aure ne ya fi ciwo. Balaraben kogi zai sha shayinmu, ya ci agashenmu, ya bi limaminmu salla, amma ka nemi 'yarsa sai a fara tambayar asali. Su sukan auri namu jefi-jefi. 'Yar Gwaggo ta biyu, wadda kuɗin shayi ya kai jami'a ta zama malamar asibiti, wani abokin aikinta ya nema. Danginsa suka ce Bafallata ce, kuma uwarta mai shayi. Namu tsofaffin ma suka ce ba a ba bare. Gwaggo ce ta tsaya kai da fata aka ɗaura. Suna nan lafiya, yaran na jin Hausa amma da Larabci suke amsawa, kuma wannan kam yana ci mini rai.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, Kasala ta cika da mutanen Khartoum da Madani. Matan da a da ba za su zauna a kujerar mai shayi ba, malaman makaranta da ma'aikatan ofis, yanzu su ke neman gindin bishiya. Gwaggo ta tsufa, gwiwa ta hana ta fita, babbar 'yarta ce a wurin. Amma suna zuwa har gida ta nuna musu suyar gahawa da yadda ake ba da bashi ba a karye ba. Wadda ta ga ba ta iya riƙe bakinta, takan ce mata ta gwada sayar da kisra, wainar dawar nan ta Sudan.