Amsa kan gwajin dankali da ruwan sukari da ya ƙi fitowa daidai

Ɗan'uwa, ka ce ka jiƙa yankan dankalin turawa a ruwan sukari kala shida, amma alƙaluman sun hargitse, har na cikin ruwa mai kauri ya fi nauyi bayan ka ciro shi. Osmosis bai sauya hali ba. A osmosis, ruwa yana ratsa tantanin ƙwayar halitta ne daga inda sukari ya yi ƙaranci zuwa inda ya yi yawa, shi kuwa sukarin da ƙyar yake ratsawa. Matsalar tana wajen aiki.

Abin da na fi zargi shi ne tsanewa. Ruwan sukari mai kauri yana manne wa jikin dankali, ka ɗora shi a sikeli haka nan, ka auna har da abin da bai shiga ciki ba. Mirgina kowane yanka a kan tishu sau ɗaya, ba matsawa, kuma duka iri ɗaya, kafin jiƙawa da bayanta. Idan ka duba na cikin mola 1 (mola ma'aunin ƙarfin ruwan sukari ne) zai yi laushi, yana lanƙwasuwa kamar roba, na cikin zallan ruwa kuwa ya yi tauri, ka lanƙwasa shi ya karye. Hannunka ma zai gaya maka gaskiya kafin sikeli.

Sai haɗin ruwan. Mola 1 shi ne giram 342 na sukari, a narkar da shi a ɗan ruwa, sannan a cika har lita ɗaya. Masu zuba shi a kan cikakkiyar lita suna samun ruwan da bai kai ƙarfin ba. Daga nan mola 0.2 sai ka ɗebi mililita 20 ka ƙara ruwa 80. Kada ka musanya da gishiri, domin yana rabuwa gida biyu a ruwa, ƙarfin jansa ya kusa ninka na sukari.

Yanka duka daga dankali guda, a fere bawon, tsawo ɗaya. A rufe kofunan. Awa ɗaya ta isa. In ya wuce kwana, ƙwayoyin sun fara mutuwa, tantanin ya fara yoyo.

Lissafi kuma da kashi cikin ɗari ake yi. Giram 2 da ya koma 2.2 ya ƙaru da kashi 10, giram 4 da ya koma 4.2 kashi 5 kacal, alhali duka 0.2 suka ƙara. In ka yi zanen jadawali na kashin sauyin nauyi da ƙarfin ruwan sukari, inda layin ya ratsa sifili, galibi tsakanin mola 0.2 da 0.4, nan ne jan ruwan waje ya yi kunnen doki da na ƙwayoyin.

In malaminku ya yarda, ƙara da yanka ɗaya dafaffe. Zafi ya riga ya lalata tantaninsa, don haka ba zai kumbura ya yi tauri a zallan ruwa ba.