Taiji za ka same shi a nan, amma ka zo da abin shaƙarka

Ƙanena, saƙonka ya iso. Allah ya sanya alheri a wannan gurbin karatu da ka samu a Zhengzhou ta ƙasar Sin, ka gaishe min da Hajiya da kyau. Maganar masauki da biza za mu yi ta a waya. Tambayarka ta biyu ce ta tsaya min a rai: ka ce ka ga bidiyo a Facebook ana cewa taiji da qigong (motsa jikin gargajiya na Sinawa da ake yi a hankali tare da daidaita numfashi) da zaman natsuwa suna ƙarfafa garkuwar jiki, har suna raba mutum da asma, kana tunanin idan ka zo ka koya ka huta da abin shaƙar maganin asma.

Don Allah kada ka ajiye shi. Ka zo da na wata da watanni, da takardar likita mai ɗauke da sunan maganin, ka sa ɗaya a jakar hannu. Na san yadda hazon hunturu ke yi maka a gida, na ga daren da aka kwana ana yi maka fifita. Sanyin nan ya wuce wancan nesa ba kusa ba. A Janairu ruwa na daskarewa a waje, iska ta bushe ƙarau, kuma daga 15 ga Nuwamba da ake kunna ɗumin gidaje akwai ranakun da hayaƙi ke rufe gari har ka ji shi a maƙogwaro. Mai asma ba ya shiga wannan yanayi da motsa jiki kaɗai.

Amma taijin na da amfani, ni kaina ina yi, kuma tushensa za ka zo. Ƙauyen Chenjiagou, inda aka ce Chen Wangting ya tsara salon taiji na gidan Chen a ƙarni na 17, yana nan cikin lardin Henan da Zhengzhou take ciki, tsallaken Rawayen Kogi. A 2020 UNESCO ta sa taiji cikin jerin al'adun gado na duniya. Wanda za a fi koya maka shi ne mai motsi 24 da hukumar wasanni ta ƙasar Sin ta taƙaita a 1956, jami'o'i da dama suna sa shi a darasin motsa jiki.

A hunturuna na biyu na fara, bayan wani tari da ya ƙi barina. Akwai wani dattijo a lambun kusa da mu, kullum da 'yar rediyonsa da gorar shayi. Ranar farko bai koya min motsi ko ɗaya ba. Tafin hannuna ya kama ya ɗora min a ƙasan cibiya, ya danna kafaɗuna ƙasa, ya ce in ja numfashi har hannun ya ɗaga. Sai na tarar ashe duk tsawon rayuwata da saman ƙirji nake numfashi, kafaɗa a ɗage kamar wanda aka tsorata. Na ɗauki makonni kafin cikina ya saba. Daga nan ya sa ni baduanjin, wani nau'in qigong (cigung suke faɗi) mai motsi takwas, wanda ba ya wuce minti goma sha biyar. Shi nake ba ka shawara ka fara da shi, don ana yinsa a tsaye wuri guda, ko tsakanin gado da tebur a ɗakin kwanan ɗalibai. A 2020 ma, lokacin annobar korona, an yi ta nuna majinyata suna yinsa a asibitocin wucin gadi na Wuhan.

Abin da yake yi wa huhu ba ɓoyayye ba ne. Numfashi a hankali yana horar da tsokar da ke ƙarƙashin huhu, fitar da iska a tsanake yana rage haki, tsayuwa da gwiwa a ɗan lanƙwashe kuma aiki ne ga cinya, za ka ji tana rawa. An wallafa wani bincike a 2018 da aka yi a nan Sin kan mutum 120 masu cutar toshewar hanyoyin numfashi ta COPD. Rabi sun yi taiji na mako 12, rabi sun yi atisayen asibiti, aka ga taiji bai gaza ba wajen sauƙaƙa musu rayuwa. Ka lura da abu biyu: ba asma ce cutarsu ba, kuma dukkansu an ɗora su kan maganin shaƙa kafin a fara.

Ta fuskar garkuwar jiki hujjar ba ta kai haka ƙarfi ba. A 2007 masu bincike a jami'ar UCLA ta Amurka sun gwada dattawa 112, suka ga waɗanda suka yi taiji na mako 16 jikinsu ya fi nuna shirin yaƙar ƙwayar cutar ƙarambau. A 2003 an yi wani a Wisconsin kan zaman natsuwa na mako takwas, mutum 41 kacal, aka ga jikin masu yi ya ɗan fi amsa allurar rigakafin mura. Alamu ne masu kyau, amma awon jini ne a mutane ƙalilan, ba alkawari ba ne cewa sanyi ba zai kwantar da kai ba. A nawa ganin, ribar da ta fi tabbata ita ce barci da kwanciyar hankali. Ɗalibin da ke fama da kewar gida da harshen da bai iya ba, idan ya samu barci mai kyau, jikinsa ma ya samu.

Na san Hajiya za ta tambayi batun addini, ni ma na tambayi kaina. Wanda ake yi a lambu da jami'a motsi ne da ƙirga numfashi, ban ga ana rusuna wa komai ba, kuma a Henan akwai Musulmi da yawa 'yan ƙabilar Hui da suka daɗe da nasu wasannin motsa jiki. Idan wani ya haɗa maka shi da turare ko kiran wani suna, ka bar wurin. Ni zamana na natsuwa bayan asuba nake yi, da azkar ɗina, ina sassauta numfashi.

Kafin ka fita lambu da safe ka duba ma'aunin gurɓatar iska a wayarka. Idan ya haura 150, ka yi a ɗaki, taga a rufe. Ran da sanyi ya yi tsanani ka rufe hanci da baki da mayafin wuya, iskar ta ɗan ɗumama kafin ta shiga. Da ka ji ƙirji ya fara kuka ka tsaya, ka shaƙa, kada kunyar tsofaffi ta sa ka ci gaba. Ka turo min ranar saukarka, zan zo filin jirgi da rigar sanyi, don wadda za ka saya a gida ba za ta yi ba.