Kafin Ka Tura Shi Hoto

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da har yanzu nake yawo da 'yar gudumar roba ina bugun gwiwoyin mutane, alhali ga na'urorin hoton cikin jiki, CT da MRI. To ai na'ura ba ta san inda za ta duba ba sai ka nuna mata. Mai ciwo a lakar baya in ka tura shi hoton kai, sakamako zai fito tas, ƙafafunsa kuwa suna ta mutuwa.

Tambaya biyu ce aikin namu na likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi: ina ciwon yake, sannan mene ne shi. Ta biyun, bakin majinyaci ne yakan ba ka amsarta. Abin da ya faɗo farat ɗaya, fara zargin jijiyar jini, ko ta toshe ko ta fashe. Wanda ya yi wata da watanni yana ƙaruwa, ka tuna da ƙari. In yanke jiki aka yi aka faɗi, nemo wanda ya gani da idonsa, don mai farfaɗiya sau da yawa bai san me ya same shi ba.

Ta farkon kuwa aikin hannunka ce. Ga mutum baki ya karkace, kowa na cewa shanyewar ɓarin jiki ce. Ce masa ya ɗaga gira. In goshin ya tattare dama da hagu, matsalar tana can cikin ƙwaƙwalwa, saboda goshi daga ɓangarorinta biyu yake karɓar umarni. In rabin goshin ya tsaya sumul, ido ya ƙi rufuwa, to galibi jijiyar fuska ce, ta 7 cikin 12 da ke fitowa daga kai. Sa shi ya miƙa hannuwa, tafuka sama, ido a rufe, ka ga wanne zai fara kifewa yana sauka. Sannan cire masa takalmi, abin da ku yaran yanzu kuke ƙiwar yi, ka karci gefen tafin ƙafar. Babban yatsa in ya ɗago sama a jikin baligi, alamar Babinski ke nan, wadda likitan mai wannan suna ya bayyana a 1896, kuma ƙwaƙwalwa ko laka take nuna maka.

Kada in ga "da sauƙi" a fayil. Rubuta ƙarfin gaɓa daga 0 zuwa 5, hayyaci kuma da ma'aunin Glasgow, 3 zuwa 15, don likitan dare ya gane ko gaba aka yi ko baya. Auna sukari tun a bakin ƙofa, faɗuwarsa takan yi kama da shanyewa sak. Ka kuma tambayi dangi ƙarfe nawa aka ga mai shanyewar ɓarin jiki lafiya na ƙarshe, domin allurar narkar da gudan jini yawanci cikin awa huɗu da rabi ake yin ta.