Kafin ka taɓa kwamfutar Alhaji

Ɗana, jiya muna rufe shago ka tambaye ni: Alhajin da ya kawo tsohuwar kwamfutarsa, yana so a kwashe masa wasiƙun imel na shekara goma da lambobin abokan cinikinsa zuwa sabuwa, wace manhajar imel za ka saka masa, Outlook ko Thunderbird?

Zaɓen manhaja ba shi ne wahalar ba. Idan ofis ne da ke biyan kuɗin Microsoft 365, ma'aikata sun saba da kalanda da kiran taro, bar su da Outlook. Idan ɗan kasuwa ne mai akwatin imel biyu ko uku, ni Thunderbird nake sakawa. Kyauta ce, tun 2004 take aiki, ba ruwanka da lasisin bogi da zai dawo maka da mutum bayan wata guda yana faɗa. Windows Live Mail kuwa kada ma ka fara, tun 2017 Microsoft ta daina kula da ita.

Abin da nake so ka fara dubawa shi ne: ina wasiƙun suke zaune? Buɗe saitin akwatin ka ga da wane tsari yake karɓar wasiƙa, IMAP ko POP3. Idan IMAP ka gani, ka huta, wasiƙun suna can a saba, wato kwamfutar kamfanin imel da ke intanet, da ka shigar da adireshi da kalmar sirri a sabuwar kwamfuta za su sauko da kansu. Idan POP3 ne, to nutsu. Sau da yawa POP yakan sauke wasiƙa ya goge ta daga saba, wato wannan tsohon hadis ɗin da ke ƙara kamar keken ɗinki shi kaɗai ke riƙe da su a duniya. Ina yaron shago na taɓa yi wa wata kwamfuta fomat ban duba wannan ba. Mai ita bai zage ni ba, zama kawai ya yi a benci ya riƙe kai. Har yau ina ganin fuskarsa.

Don haka kwafi tukuna, a filashi ko hadis na waje. A Outlook fayil ɗin PST kake nema, wanda Outlook ke ajiye wasiƙu a ciki. Kada OST ya ruɗe ka, shi inuwar abin da ke saba ne, ba zai buɗe maka a wata kwamfuta ba. Fitar da PST daga cikin Outlook ɗin tun yana tashi. A Thunderbird kwafe jakar Profiles, inda take ajiye wasiƙu da saiti, gaba ɗayanta.

Thunderbird ba ta buɗe PST kai tsaye. Hanyar da ba ta taɓa ba ni kunya ba ita ce gada: haɗa akwatin IMAP a tsohon Outlook, ja tsofaffin jakunkuna ka zuba a ciki, su hau saba, sannan su sauko a sabuwar manhaja. Kaɗan-kaɗan, jaka ɗaya bayan ɗaya, don data da wuta ba su da alƙawari. In akwatin Gmail ka yi gadar da shi, ka tuna na kyauta gigabait 15 ne.

Lambobin mutane kuma, fitar da su a vCard, wato fayil ɗin da aka yi don lambobin mutane, in da hali. In dole CSV ne, wato fayil ɗin jeri mai kama da tebur, kada ka buɗe shi a Excel ka adana: zai cinye sifilin farkon 080, lambar ta lalace. A tabbata tsarin haruffan fayil ɗin UTF-8 ne, in ba haka ba sunaye masu ƙ da ɗ da ɓ za su koma alamar tambaya. Kuma sunayen da ke fitowa da kansu in Alhaji ya fara rubuta adireshi ba lallai suna cikin littafin adireshinsa ba, ajiyarsu daban take.

In ka gama, ƙirga wasiƙun kowace jaka nan da can. Tsohuwar kwamfutar kada a goge ta sai Alhaji ya zauna da kansa ya nemo wata tsohuwar wasiƙa ya gan ta. Gobe ka zo da wuri, tare za mu buɗe ta.