Tambaya da Amsa: Me ya haɗa "átomo" da haƙuri?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ni ɗalibar sakandare ce a Garwa ta Kamaru, ana koya mana Sifaniyanci a makaranta. Na ci karo da wata jimla wai "no tiene ni un átomo de paciencia", ni kuma a darasin kimiyya na san átomo, wato ƙwayar atom, to dan Allah me ya kawo shi maganar haƙuri?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, wallahi tambayarki ta min daɗi, don kin riga kin san amsar tun a gida ba ki lura bane. Ai kin sha jin iya ko goggo na cewa wane ba shi da tausayi ko ƙwayar zarra, to shi kenan fa, jimlar cewa take mutumin ba shi da haƙuri ko ƙwayar zarra. Mu daga Larabci muka samo zarra, tana nan a ayoyi biyun ƙarshe na Suratu Zalzala, su kuma masu Sifaniyanci daga Girkanci suka samo tasu, átomos, wato abinda ba ya yankuwa. Dimokiritus, masanin falsafa na Girka, ne da malaminsa suka yaɗa ra'ayin tun ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), cewa in kayi ta yanka abu dole ka kai inda ba sauran yanka, sai gashi a 1938 masana kimiyyar Jamus Otto Hahn da Fritz Strassmann sun fasa ƙwayar yuraniyom a Balin, amma sunan na nan bai canza ba, kuma a bakin mutane har yau yana nufin ɗan mitsitsin abu.

Yadda ake amfani da shi kuwa, galibi wajen kore abu ne, kice ni un átomo de sannan ki kawo abinda babu. De vergüenza, ba kunya ko kaɗan. De verdad, ba ƙamshin gaskiya a ciki. Maganar tana da zafi fa, kar ki faɗa wa babba.

Inda nafi so ki kula shine lafazi, nan ɗalibai ke zubar da maki a banza. Kalmar namiji ce, el átomo, jam'i los átomos, kuma a gaɓar farko ake danna murya, Á-to-mo, shi yasa aka ɗora wa harafin a ɗin alama, in kika bar ta kin yi kuskuren rubutu. Amma da kin koma siffa sai dannawar ta matsa gaba, atómico, kamar a bomba atómica (bam ɗin nukiliya) ko energía atómica (makamashin nukiliya).

A hirar yau da kullum dai zaki fi jin ni una pizca de, pizca ɗan abinda ake tsinta da yatsu biyu ne kamar gishiri, ma'anar ɗaya ce. Ki riƙe su duka, átomo ɗin ya fi dacewa da rubutun jarrabawa.