Amsa: Ta ina zan fara koyon ɗaukar hoto?

Ƙanena, ka ce kana Yamai, waya kaɗai gare ka, kana son ka koyi ɗaukar hoto da gyara shi har ka riƙa sayarwa. Wayar nan ta ishe ka farawa.

Haske za ka fara koya. Ka je bakin kogi da sassafe ko bayan la'asar, lokacin da rana ta yi laushi. Da tsakar rana inuwa na cika idanun mutum, hoton ya yi kaushi. Lokacin hunturu kuma ka riƙa goge gilashin kamara, ƙura na dusashe hoto. Wuraren sojoji da gine-ginen gwamnati, don Allah kada ka ɗauke su.

Ka nemi hotunan Malick Sidibé, mai ɗaukar hoto na Bamako, wanda ya ci babbar lambar yabo ta baje kolin fasaha na birnin Venice a 2007, ka duba yadda yake tsayar da mutane. Ni a nan idona ya buɗe.

Gyara kuwa, manhajar Snapseed kyauta ce a waya, manhajar GIMP kyauta ce a kwamfuta. Kada dai ka mayar da fatar mutum fara, abin yana ɓata min rai ƙwarai.

Shafukan sayar da hoto a intanet irin su Shutterstock da Adobe Stock suna karɓar hotuna, amma in fuskar mutum ta fito, galibi sai da takardar amincewarsa, kuma kuɗin kowane hoto kaɗan ne. Gara ka fara da ɗaukar hoton bikin suna da na aure a unguwarku, kai da masu bikin ku yanke farashi kafin ranar.