Hukuncin Bibiyar Tarihin Waƙoƙin Zamani da Bidiyonsu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah Ya ƙara lafiya. Ni ɗalibi ne mai sha'awar sanin tarihin shahararrun waƙoƙi: wa ya rubuta, me ya sa aka yi su, yaya aka ɗauki bidiyonsu. Wani lokaci nakan yi rubutu a kai. Shin hakan ya halatta, ko na shiga hukuncin mai sauraron kiɗa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, ka haɗa sanin labarin waƙa da saurarenta da kallon bidiyonta a tambaya ɗaya, alhali kowanne da hukuncinsa.

Sanin tarihi asalinsa halas ne. Muslim ya ruwaito daga Jabir ɗan Samura cewa sahabbai sukan zauna suna tuna al'amuran Jahiliyya har su yi dariya, Manzon Allah (SAW) yana murmushi. Ya kuma ruwaito cewa Annabi ya nemi sahabinsa Sharid ya karanto masa baitocin mawaƙi Umayya ɗan Abis Salti, yana cewa ƙaro, har suka kai ɗari, ga shi Umayya bai musulunta ba. A ƙarni na 4 na Hijira, Abul Faraj Al-Asfahani ya tattara labaran mawaƙa da makaɗa a Kitabul Agani. Malamai sun soki abubuwa da dama a cikinsa, kuma sun yi gaskiya, amma masana adabi ba su daina ɗibar tarihi daga gare shi ba. Saboda haka karanta cewa an yi waƙa kaza a shekara kaza saboda dalili kaza ba laifi ba ne.

Game da saurare, waƙar baki zance ce: mai kyau mai kyau ce, mummuna kuwa mummuna. Kayan kiɗa kuma, mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun haramta su, ban da tambarin duffu a biki da idi. Hujjarsu hadisin Abu Malik Al-Ash'ari a Bukhari game da mutanen da za su halatta zina da alhariri da giya da kayan kiɗa, da fassarar Ibnu Mas'ud ga aya ta 6 a Suratu Luƙman, inda ya ce zancen shagala da ayar ta ambata waƙa ce. Ibnu Hazmi ya raunata hadisin ya halatta kayan kiɗa, Ibnus Salah ya mayar masa da martani. Abin da nake rinjayarwa shi ne maganar jamhuru, wato mafi yawan malamai, ba tare da na fasiƙantar da wanda ya bi ɗaya ra'ayin da ilimi ba.

Bidiyo kuwa, nan ne nake so ka tsaya, domin tarihin da kake karantawa shi da kansa zai faɗa maka abin da aka yi shi dominsa. Kamfanonin faifai ne suke biyan kuɗin ɗaukarsa don tallata hajarsu. Da tashar MTV ta buɗe a Amurka ranar 1 ga Agustan 1981 tana nuna bidiyon waƙa dare da rana, sai kasuwar ta koma hannun wanda ya fi jan ido. A 1983 Michael Jackson ya fitar da bidiyon Thriller mai kusan minti 14, tamkar ɗan gajeren fim. YouTube ta zo a 2005 ta sauke abin cikin aljihun kowa. Talla kuwa ido take nema, shi ya sa za ka ga kyamara ta bar fuskar mai waƙa ta koma bin jikin 'yan rawa. Saɓanin Ibnu Hazmi bai kai nan ba. Shi ma bai halatta kallon tsiraici ba, kuma umarnin runtse ido a Suratun Nur, aya ta 30 da 31, ya hau kan namiji da mace.

Don haka ka karanta, ka yi rubutu, muddin ba ka kwafo baitocin batsa ko na kafirci don ƙawata su ba, ba ka kuma tura mutane zuwa ga bidiyon banza ba. Bidiyon da babu tsiraici ko rawar batsa a cikinsa, in bincike ya buƙaci ka gani, ka kashe sautin kiɗan ka duba gwargwadon buƙata. Wanda yake da su kuwa, sunan bincike ba ya halatta shi. Abin da aka rubuta a kansa ya ishe ka. In ka ga kana maimaita kallo bayan ka gama samun abin da kake nema, to binciken ya ƙare, ka rufe.

Wallahu a'alamu.